Albasa Ba Ta Yi Halin Ruwa Ba

Duk wanda ya saba bin hanyar Sakkwato zuwa Yawuri ya san inda mota take rage gudu ko direba bai yi niyya ba. Jega ke nan. A nan hanyar Birnin Kebbi take haɗuwa da wadda ta gangaro daga Tambuwal, daga nan kuma ake miƙewa kudu a ratsa ƙasar Maiyama da Koko. Tun farkon ƙarni na 19, zamanin da Buhari ɗan Abdussalami ya kafa garin, fatake suke sauke kaya a Jega, masu goron Gwanja da masu gishiri da kanwa da masu tufafin Kano. Gari ne da ciniki ya yi wa goyo. Aliero tana gefe da albasarta da masu ɗorinta, Maiyama tana can da fadamun shinkafarta. A tsakanin garuruwan nan uku labarin da zan bayar ya gudana. Ba zan kama sunan kowa ba. Wanda ya ji kamar an leƙa cikin shagonsa, ya tuna gyara kayanka bai zama sauke mu raba ba.

An yi wani dattijo mai fataucin albasa da 'yan kasuwa suka yi wa laƙabi da Sama-da-Ƙasa. Daga yadda yake ɗura buhu sunan ya samo asali. Kowa ya san abin da aka saba: manya masu sheƙi a baki, matsakaita a biye, ƙanana da masu tabo a can ƙasa inda ido ba ya kaiwa. Shi kuwa sai ya sa yaransa su ware albasa gida uku, manya da buhunsu, matsakaita da nasu, ƙanana da nasu, kowanne da kuɗinsa. Idan baƙo ya zo saye, ba ya bari a kwance bakin buhu. Wuƙa yake miƙa masa, ya ce ya zaɓi buhun da ya ga dama ya farke ƙasansa. Abin da ya zubo shi ne abin da ke sama.

Bai riga sa'o'insa kuɗi ba. Wasu sun gina bene yana gidan ƙasa, sun sake mota yana hawan tsohon babur. Amma a kasuwar Mil 12 ta Legas, da Anaca, da Aba, idan aka ce lodin nan na Sama-da-Ƙasa ne, ba a zazzage buhu. Waya ɗaya ta isa, a ƙirga, a biya. Idan abokansa suka yi masa tsiya cewa yana barin riba a ƙasa, sai ya ce, "Riba biyu ce. Akwai wadda ka shiga aljihu, akwai wadda ka sa mutum kwana lafiya. Ni duka biyun nika so."

Da Allah ya yi masa rasuwa, babban ɗansa ya gaji harkar. Mutane suka riƙa ce masa Alhaji Ƙarami. Ya gaji rumbuna da motoci biyu da littafin bashi, ya kuma gaji abin da ya fi su tsada, wanda ba a rubuta shi a takardar rabon gado ba, wato sunan ubansa. Kada mai karatu ya ɗauka mugu ne irin na tatsuniya. Mutum ne mai sahun gaba a masallaci, mai buɗe baki ga masu azumi, mai riƙon marayun gidansu. Yana da kaifin lissafi, yana kuma da wata baiwa mai haɗari: duk abin da ransa ya so yi, bakinsa yakan samo masa hujja.

Mai albasa ya san kuɗinta yana cikin jira. Ana yayyafa iri a ƙarshen damina, a yi dashe da shigowar sanyi, a yi ta ban ruwa da inji har a cire ta da bazara. Lokacin nan kasuwar Aliero takan cika maƙil, buhu ya faɗi warwas, har wani manomin ya kasa fitar da kuɗin mai da takin da ya zuba. Mai ƙarfi sai ya saya ya zuba a rudu, rumfar karan nan da ake ɗagawa daga ƙasa a lulluɓe da ciyawa don iska ta riƙa ratsawa, ya jira watannin ƙarshen shekara da albasa take zama zinariya. Sai dai jiran yana da haƙora. Zafi yana motsar da ita, laimar damina tana ruɓar da ita, guda ɗaya mai ciwo tana shafa wa maƙwabtanta.

A shekara ta biyu bayan rasuwar tsohon, da aka buɗe rudunan Alhaji Ƙarami sai aka tarar kusan kashi ɗaya cikin uku ta fara laushi. Ba ta ruɓe ba tukuna. Irin albasar nan ce da za ta yi 'yan kwanaki tana kama da lafiyayya, daidai kwanakin da mota za ta kai Legas a sauke a rarraba. Dillalinsa ya matso ya rage murya.

"Alhaji, a sa ta tsakiya. Baki da ƙasa a zuba mai kyau, tunda ƙasa mutanenku sunka saba dubawa. Yanzu ma ko duban sun bari, sunan Baba sunka sani."

Alhaji Ƙarami ya kwana yana lissafi. Idan ya ware mai laushin ya sayar da ita a matsayinta, zai karye rabin jarinsa. Leburori 20 suna ci a ƙarƙashinsa, ga direbobi, ga 'yan lodi, ga marayu. Idan kuwa ya cusa ta a tsakiya, asarar za ta watsu kamar gishiri a tukunya. Babban ɗan kasuwa zai sayar wa masu kwando, masu kwando su sayar wa matan da ke kasa kaya a bakin titi, kowacce ta tsinci ruɓaɓɓu biyar ko shida. Wa ya taɓa mutuwa don albasa shida? Amfanin mutane da yawa a nan gida, in ji zuciyarsa, ya rinjayi 'yar cutar da ba wanda zai ji zafinta a can. Da asuba ya ce a ɗura. Mota ta tafi, waya ta zo, aka biya ba a duba ba. Wannan shi ne mudunsa na farko.

Sai kakar shinkafa ta zo wa Jihar Kebbi. Tun ranar 17 ga Nuwamba 2015, da Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar da shirin bashin manoma na Babban Bankin Nijeriya a Birnin Kebbi, shinkafa ta zama zancen kowa. Masana'antun casa a Birnin Kebbi da Argungu suna neman shanshera, rufe iyakokin ƙasa a watan Agusta 2019 ya ƙara mata daraja. Amma ba kowane manomi ne sunansa ya shiga jerin masu samun bashin ba. Waɗanda aka bari a baya sai suka koma wajen 'yan kasuwa. Alhaji Ƙarami ya shiga ƙauyukan Maiyama da jakar kuɗi. Yana ba manomi kuɗi da faɗuwar damina, a kan ya biya da buhunan shanshera da kaka, a rubuta takarda, shaidu su sa hannu.

Bai shiga da ka ba, sai da ya tambayi malami. Malam ya gaya masa gaskiya, cewa shari'a ta yarda da cinikin salam, a biya kuɗi gaba kaya su zo baya, matuƙar an biya kuɗin duka a farko, an san awo, an san lokaci. Haka yake a babin ciniki na Risala da ake karantawa a zaurukanmu. Abin da bai gaya wa malam ba shi ne buhun da za a auna da shi nasa ne, wanda aka yi wa ƙari a baki har yana cin tiyoyi fiye da buhun kasuwa. Bai kuma ce masa farashin da ya yanka na wanda yunwa ta shaƙe wa wuya ba ne, wanda ba ya iya cewa a'a.

A daminar 2020 ruwa ya yi ambaliya a Kebbi, ya shafe gonakin shinkafa masu yawan gaske ana dab da girbi. Wani manomi daga ƙasar Maiyama ya zo har Jega, ya cire takalmi a ƙofar shago, ya durƙusa.

"Alhaji, ruwa ya ci gonata, ko zangarniya ɗaya ban fitar ba. Ka yi mini haƙuri zuwa noman rani. In dai injina yana hannuna, da yardar Allah zan biya ka."

Alhaji Ƙarami ya jawo takarda daga aljihun tebur ya shimfiɗa. "Malam, alkawari kaya ne. Ga hannunka, ga na shaidu. Ni da kai muka yi magana, ban yi da ruwa ba. Idan na sassauta maka, gobe kowa zai zo da nasa uzurin, ciniki ya lalace. Ƙa'ida ƙa'ida ce."

Ya aika aka ɗauko injin ban ruwan. A ranar nan bai yi lissafin amfanin mutane da yawa ba. Da ya yi, da ya ga cewa inji a hannun manomi zai ciyar da gida guda ya kuma biya bashin, inji a cikin sito kuwa ƙura kawai zai sha. Amma lissafin amfani ba ya gefensa a wannan karon, sai ya ajiye shi ya ɗauko ƙa'ida. Ayar da ta ce a jinkirta wa wanda ke cikin ƙunci har ya samu sauƙi tana cikin Suratul Baƙara, ya sha jin ta a tafsirin azumi, ranar nan dai ba ta zo masa a rai ba. Wannan shi ne mudunsa na biyu.

Na ukun ya fito ne a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi. Duk wanda ya rayu a watannin nan ya san yadda takardar naira ta yi ɓatan dabo, mutum da kuɗinsa a banki yana kwana da yunwa, mutanen ƙauye da ba su da asusu suka rasa yadda za su yi. Alhaji Ƙarami yana da tsabar kuɗi a hannu. Sai ya baza yaransa tun da sassafe a hanyoyin da ke shigowa Jega, suna tare masu kawo gero da dawa da wake a kan babura da amalanke tun ba su kai kasuwa sun ji farashi ba. A nuna wa mutum sababbin takardu, a taya kayansa da abin da bai kai darajarsu ba. Mai mara lafiya a gida ba ya jayayya da kuɗi a hannu. Aka cika sito aka garƙame. Bayan cire tallafin mai a ranar 29 ga Mayu abinci ya riƙa hawa, sito yana nan a kulle yana jiran ya ƙara hawa.

Wani maƙwabcinsa a kasuwa ya tunatar da shi cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana tarar masu kawo kaya kafin su iso kasuwa, ya kuma hana ɓoye abinci mutane suna cikin buƙata. Alhaji Ƙarami ya ce, "Kasuwa ce. In ban saya ba wani zai saya, kowa haka yake yi. Ba ni na canza kuɗi ba, ba ni na cire tallafi ba. Kuma zakkata tana fita, tukunyar sadakata ba ta sauka daga murhu." A nan lissafin amfani ya ƙi shi, ƙa'ida ta ƙi shi, sai ya fake da al'adar kasuwa, ya yafa mata rigar sadaka.

Akwai ɗan ƙanwarsa da ke karatu a Jami'ar Kimiyya da Fasaha ta Jihar Kebbi da aka kafa a Aliero a 2006. Shi yake riƙe masa littafin shige da fice idan an yi hutu, don haka duk abin da ya gudana ya bi ta alƙalaminsa. Wani dare bayan an rufe shago, suna zaune a kan benci, yaron ya ce, "Kawu, na yi wani karatu da ya tsaya mini a rai. Ashe masana sun daɗe suna gardama a kan yadda ɗan kasuwa, ko kowane mutum, zai gane abin da ya dace ya aikata."

"To, me suka ce?"

"Wasu 'yan Ingila biyu, Bentam da Mil, sun ce a dubi ƙarshen aiki. Duk abin da zai fi jawo wa mutane da yawa jin daɗi ya rage musu wahala, shi ne daidai. Wani Bajamushe, Kant, wanda ya rasu a 1804, ya ce a'a, akwai abin da yake wajibi ko da riba ko babu, kamar gaskiya da cika alkawari. Tun kafin su kuma Aristo na Girka ya ce a dubi hali, domin abin da mutum yake maimaitawa shi yake zama. Imamu Gazali ma ya ware babi guda a cikin Ihya a kan ladubban neman halal, ya bambanta adalci a ciniki da kyautatawa a ciniki."

Alhaji Ƙarami ya yi murmushi. "Ka gani ko? Ashe masanan ma suna tare da ni. Amfanin jama'a na duba a kan albasa, alkawari na riƙe a Maiyama."

Yaron ya sunkuyar da kai yana wasa da alƙalami. "Allah ya ba ka haƙuri, Kawu, akwai inda ban gane ba. Su masu duban amfani sun ce a ƙirga kowa daidai, na nesa da na kusa. Na yi ta tunanin matar da ke kasa albasa a titin Legas, wataƙila albasa shidan nan su ne ribarta ta yini. Shi kuma mai cewa a riƙe ƙa'ida, awonsa shi ne ka tambayi kanka ko za ka so kowa a duniya ya yi abin da kake shirin yi, kuma kada ka mai da ɗan Adam abin aiki kawai. Kowannensu mudu ɗaya ya riƙe, yana auna wa kansa da shi yana auna wa wani. Mu a shagon nan, Kawu, wanne ne namu? Domin a littafi na ga kowace shekara da nata."

Fuskar Alhaji ta canza. "Boko ya fara taɓa ka. Tashi ka kulle ƙofa."

Kafin wannan lokacin ma amsa ta riga ta fara zuwa daga kudu. Lodi na biyu da na uku sun bi sahun na farko, mutanen Mil 12 kuma ba yara ba ne. Suka koma zazzage kowane buhu a ƙasa, suna ware mai kyau da mara kyau, suna yanke kuɗin leburan da suka yi aikin daga cinikin. Biyan nan take ya zama sai an sayar. Abin bai tsaya a kansa ba. Duk motar da ta fito daga yankin aka riƙa yi mata kallon zargi, har masu gaskiyar da ba su taɓa cusa komai ba suna biyan kuɗin zazzagewa. Yardar da tsoho ya yi shekaru yana tarawa rijiya ce da gari duka yake sha, mutum ɗaya ya jefa mushe a ciki.

Wata ranar da magariba, yana dawowa daga karɓar bashi a Maiyama, taya ta fashe, mota ta kauce ta faɗa rami. Allah ya tsare rai, amma ƙashin ƙwaurinsa ya karye. Aka ɗauke shi sai Aliero, garin da mutane suke zuwa daga nesa neman ɗori, gidajen da sana'ar take gado tun kaka da kakanni. Aka kai shi wurin wani tsoho, aminin mahaifinsa, wanda suka yi makarantar allo tare. Aka kwantar da shi a tabarma, ɗan ƙanwarsa ya riƙe masa kafaɗu. Tsohon ya shafa ƙafar a hankali daga gwiwa zuwa idon sawu, ya daɗe bai ce komai ba. Sannan ya ɗaga kai.

"Ɗana, wane irin ɗori kaka so?"

Alhaji yana nishi ya ce, "Baba, ɗori iri nawa ne?"

"Biyu ne. Akwai na ido, akwai na ƙashi. Na ido, in jera maka karan ɗori masu kyau, in naɗe da farin ƙyalle, kowa ya gani ya ce tsoho ya iya aiki. Abin da ke ciki kuwa ba ka gani, danginka ba su gani. Sai bayan kwana arba'in, ran da kac ce za ka taka, sannan ka sani. Kafin nan na ci kuɗina."

"Haba Baba, wace irin magana ce wannan?"

"Tsaya ka ji. Dubi zaure, mutum goma ka jirana. In na zauna ina jan wagga ƙafa har ƙashi ya koma mazauninsa, rabin dare ya tafi, su goma suna kwance da ciwo. In na yi maka na ido, na sallami goma. Amfanin goma bai fi na ɗaya ba? Ka bar wannan. Da mutanenka sunka kawo ka, cewa sunka yi in ɗaure ƙafa, na ce na ɗaure, ga shaidu. Ba mu yi alkawarin tafiya ba. In na ɗaure na cika ƙa'ida. Ka bar wannan ma. Yanzu masu na ido sun yi yawa a duniya, in ban yi ba wani shina yi. Kuma ni mutum ne mai sadaka, duk Juma'a ina ɗora marayu kyauta."

Ɗakin ya yi tsit. Zufa ta keto wa Alhaji Ƙarami, ba ta ciwo kaɗai ba. Yaron da ke riƙe da kafaɗunsa ya kawar da kai gefe. Da ƙyar Alhaji ya buɗe baki.

"Baba, don girman Allah ka yi mini na ƙashi. Ƙafata ce. Da ita nake nema wa iyalina."

"Na sani, ɗana. Kowa da abin da shika nema wa iyalinsa da shi." Tsohon ya naɗe hannun riga. "Shekara hamsin ina wanga aiki ban taɓa yin na ido ba, ba kuwa a kan ɗan aminina zan fara ba. Ni da ubanka sana'armu ɗaya ce. Mutane suna biyan mu kuɗin abin da idonsu ba ya gani. Wanda duk ya miƙo maka abin da ba ya iya dubawa, ya ba ka amana, ko ya faɗa ko bai faɗa ba. Ku riƙe shi da kyau. Bisimillahi."

Ya ja ƙafar. Aka ji ƙarar Alhaji har waje. Tsohon bai ambaci albasa ba, bai ambaci inji ba, bai ambaci sito ba, tun daga farko har ya gama naɗi.

Ni dai a ganina abin da ya faru a tabarmar nan ya fi gardamar masana kaifi, kuma bai saɓa musu ba. Duban ƙarshen aiki ilimi ne, riƙon ƙa'ida ilimi ne, gyaran hali ilimi ne. Kowanne fitila ce idan mutum ya haska kansa da ita kafin ya yanke shawara. Ɓarnar tana farawa ne ranar da aka riga aka yanke shawara don son rai, sannan a shiga neman wadda za ta rufa asiri a cikinsu. Suratul Muɗaffifina ta yi magana a kan mutanen da suke cika mudu idan za su karɓa, su tauye idan za su bayar, mutanen Madyana kuma a kan awo Annabi Shu'aibu ya yi ta yi musu gargaɗi har aka halaka su. Mun saba ɗauka cewa mudun kwano kaɗai ake nufi, wanda aka buga wa ƙasa ya lotsa. Akwai mudun hujja, shi ma ana tauye shi. Mai auna wa kansa da rahama ya auna wa wanda yake bi bashi da ƙa'ida, mai neman a duba uzurinsa ya ƙi duba na wani, mudu biyu gare shi ko da sikelinsa na zamani ne.

Ba baƙon ilimi ba ne a ƙasar nan. Manzon Allah ya taɓa cusa hannunsa cikin tarin abinci a kasuwa ya ji danshi a ciki, ya tuhumi mai shi don me bai sa jiƙaƙƙen a sama mutane su gani ba, ya kuma nesanta mai algus daga al'ummarsa. Daular Usmaniyya, wadda garuruwan nan uku suka kasance ƙarƙashin ɓangarenta na Gwandu tun zamanin Malam Abdullahi ɗan Fodiyo, ta san muƙamin muhtasibi mai duba awo da ma'amalar kasuwa. Yau babu muhtasibin da zai tsaya a kan kowane buhu da kowace takardar bashi. Saura wanda ke cikin ƙirji. Tambayar da zai yi kuwa gajeriya ce: in ni ne a ɗaya gefen, kwance a tabarma, ba na ganin abin da ake naɗe mini, zan yarda a yi mini wannan hujjar?

Alhaji Ƙarami ya yi kwanakinsa a kwance, ɗori ya kama. Ranar da ya fara takawa yana dogara sanda, bai nufi shago ba. Ya sa aka kai shi inda ake ɗurin albasa, ya karɓi wuƙa a hannun wani yaro, ya farke buhu a tsakiya. Abin da ya zubo ya sa ya ce a kwance lodin duka a ware gida uku. Ya aika Jega aka buɗe sito. Ya sa aka kakkaɓe injin nan aka ɗora a mota, ya bi shi da kansa har ƙauyen. Ya tarar manomin ya daɗe da jinginar da gonar ya tafi ci-rani, matarsa ce ta leƙo daga bayan zana ta karɓi saƙo. Inji ya koma gida, amma noman ranin da ya wuce shekara bayan shekara bai dawo ba. Mutanen Legas kuma har yanzu suna zazzage buhunsa. An ce yana tsayawa da sandarsa a bakin mota duk ranar lodi, yana sane da cewa abin da ya zubar a dare ɗaya sai ya yi shekaru yana tsinta da ɗai-ɗai.

Hausawa suna cewa albasa ba ta yi halin ruwa ba idan ɗa ya bar turbar ubansa. Ruwan da ya raini kasuwannin Jega da Aliero da Maiyama mai tsabta ne, iyayenmu sun yi fatauci har Gwanja da kalmar baki, ba takarda ba shaida. Ga masu rudu cike a bana, da masu takardun bashi a aljihun tebur, da masu sito a garƙame suna sauraron farashi, ƙafafunku biyu lafiya lau suke, Allah ya ƙara tsarewa. Wuƙa tana nan kusa, buhu yana gabanku. Ba sai an kai mutum tabarmar mai ɗori ba kafin ya duba tsakiya.